"Ya Share Ni": Yadda Za Ka Zaɓi Kalmar Turanci Da Ta Dace Da Kowace Irin Shariya

Wata ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila ta turo mini takardar ƙorafi in duba mata kafin ta miƙa wa shugabanninta. Wata abokiyar aikinta ce ta ɗauke mata wuta. Jimlar farko a takardar ita ce: *She is keeping malice with me and she snobbed me yesterday.* Duk ɗan Najeriya ya gane abin da take nufi, amma Baturen Ingila sai ya tsaya yana sosa ƙeya. *Keeping malice* Turancinmu ne na gida, gaba ce muka sa wa riga da wando, *snobbed* kuma ba ita ce kalmar da take nema ba.

Na kira ta na ce, "Ajiye Turancin tukuna, gaya mini da Hausa abin da ta yi miki." Ta ce, "Yaya, share ni take yi." Na ce, "Wace irin shariya? Kin gaishe ta ta ɗauke kai ne, ko ta daina yi miki magana gaba ɗaya, ko ta haɗa kai da wasu sun mai da ke saniyar ware?" Sai ta yi shiru.

A nan matsalar take. "Share" bargo ne mai faɗi, yana rufe wanda ya ƙi amsa sallama, da wanda ya ƙi ɗaukar waya, da wanda ya yi wata uku bai ce maka uffan ba. Ba wai Hausa ta rasa kalmomi ba ne: muna da basarwa, da yin biris, da kunnen uwar shegu, da gwalewa, da shakulatin ɓangaro. Amma idan za mu koma Turanci sai mu kwashe su duka mu zuba a cikin *ignore*, ko mu ɗauko wata babbar kalma daga ƙamus wadda ta fi ƙarfin abin da ya faru. Mafita ita ce ka yi wa kanka wasu tambayoyi bi da bi kafin ka buɗe baki. Ga su nan yadda nake bi da ɗalibaina.

Mataki na 1: Da gangan ne ko kuskure?

Fara da wannan, domin da zarar ka ce *ignore* ka yi zargi. Kalmar tana nufin mutum ya gan ka, ko ya ji ka, ya zaɓi ya yi kamar bai gani ba. Idan ka rubuta wa shugabanka *You ignored my message*, ka ce masa ya yi biris da kai da saninsa, kuma zai ji zafin hakan.

Idan ba ka da tabbacin ganganci, kalmominka su ne *miss* da *overlook*. *You may have missed my message* na nufin wataƙila saƙon ya wuce ka. *Overlook* tsallakewa ce, irin ta mai karanta jerin sunaye idonsa ya ƙetare ɗaya. *Neglect* sakaci ne da abin da ya zama haƙƙi a wuyanka, kamar iyali ko gona ko mara lafiya. *Disregard* kuwa an fi yi wa doka da umarni da shawara fiye da mutum, kuma a saƙon ofis ba ta da zafi: *Please disregard my last email* na nufin a yi watsi da saƙona na baya.

Akwai wani rami a nan da na ga mutane da yawa sun afka. *Ignorant* ba mai share mutane ba ne, jahili ne. Tushensu ɗaya a Latin, inda asalin ma'anar ita ce rashin sani, kuma a Faransanci har yau *ignorer* na ɗauke da ma'anar rashin sanin abu, abin da 'yan'uwanmu na Nijar suka fi mu sani. Idan kana son cewa wane ya share ka sai ka ce *he is ignorant*, to ka zage shi ne.

Mataki na 2: A gaban mutane aka yi, kuma sau ɗaya?

Idan wulaƙancin na lokaci guda ne, kuma akwai idon jama'a, *snub* ce kalmar. Ita ce mafi kusa da gwalewa: kana da wani haƙƙi na girmamawa, gaisuwa ce ko gayyata ko kujera, aka hana ka da gangan. Ta shigo Turanci daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, inda take nufin tsawatarwa da katse mutum.

Ka rarrabe ta da *snob* da kyau. *Snob* mutum ne, mai shan ƙamshi da ke ganin ya fi kowa asali ko ilimi. *Snub* aiki ne. Mai shan ƙamshi na iya gwale ka, shi ya sa suka cakuɗe a bakin mutanenmu har ake cewa *he snobbed me*. Daidai shi ne *he snubbed me*. A furuci ma sun bambanta: wasalin *snub* ya fi kusa da gajeren "a" namu, kamar ka ce "snab", na *snob* kuwa "o" ne.

Jaridun Turanci suna son wannan kalma saboda gajarta, tana shiga kanun labari ba wahala. Ranar 6 ga Afrilu 2021, shugabar Hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen da shugaban Majalisar Shugabannin Ƙasashen Tarayyar Charles Michel suka je Ankara ganawa da Shugaba Erdogan na Turkiyya. Kujeru biyu aka ajiye a gaba, mazan biyu suka zauna, ita ta tsaya tana kallo kafin a ƙarshe ta koma kan doguwar kujera a gefe. *Snub* ita ce kalmar da kafafen labarai suka yi ta maimaitawa. Haka nan duk shekara idan aka fitar da sunayen waɗanda za su yi takarar kyautar fina-finai ta Oscar, za ka ga ana jera waɗanda aka yi wa *snub*, wato waɗanda ake ganin sun cancanta amma aka tsallake su.

Tana da 'yan'uwa da ya kamata ka sani. *Slight* ta fi ta laushi, raini ne na cikin ruwan sanyi, kamar a gabatar da kowa a taro a manta da kai, kuma an fi amfani da ita ta ɓangaren wanda ya ji ciwon: *he felt slighted*. *Rebuff* sai ka kai wani abu tukuna, tayi ko roƙo ko hannun sulhu, a mayar maka da shi babu ladabi. *Spurn* ita ma ƙin karɓa ce amma da ƙyama, kuma ta fi zama a rubutu da zancen soyayya. Kada ka yi amfani da ita a hira, za ka zama kamar mai wasan kwaikwayo.

Idan kuma a hanya ne kuka yi ido huɗu da wanda ya san ka sarai ya wuce kamar bai taɓa ganinka ba, Turawan Ingila na yau za su ce *he blanked me*. Amurkawa ba su cika faɗar haka ba, sun fi cewa *he looked right through me* ko *he walked right past me*. Tsohuwar hanyar faɗa, wadda har yanzu ake ji a bakin manya da cikin littattafai, ita ce *he cut me dead*.

Wannan *cut* ɗin yana da tarihi mai daɗi. A farkon ƙarni na 19, manyan Landan sun mai da shariya wata fasaha mai ƙa'idoji, mafi muninta kuma ita ce *the cut direct*: a kalle ka ido cikin ido a ƙi nuna an san ka. Ana ba da labarin Beau Brummell, ɗan ƙwalisar da ya taɓa zama aminin Yarima mai riƙon sarautar Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki George na Huɗu. A wani bikin rawa a 1813 Yariman ya gaisa da Lord Alvanley, ya dubi Brummell ya ɗauke kai. Brummell kuma ya juya ya tambayi Alvanley da ƙarfi wane ne wannan abokin nasa mai ƙiba. Ramuwar ta yi daɗi a baki, amma ba su sake shiryawa ba, kuma a 1816 bashi ya kori Brummell zuwa Faransa, can ya mutu a 1840 cikin talauci. Wargi wuri yake yi.

Mataki na 3: Ya daɗe ana yi?

Idan abin ya wuce rana ɗaya ya zama hali, ka bar *snub*. Yanzu kana cikin yankin da muke kira gaba, kuma a nan ne ƙanwata ta ɓata.

*The cold shoulder* sanyin jiki ne da juya baya. Mutum na iya amsa gaisuwarka a daƙile, ya ba ka amsa da kalma ɗaya, amma fara'ar da ka saba gani ta tafi. Ana cewa *she gave me the cold shoulder*, ko *I got the cold shoulder*. Za ka ji wasu na cewa asalin maganar shi ne baƙon da ya daɗe har ya gundiri masu gida, sai a ba shi kafaɗar rago mai sanyi maimakon nama mai zafi. Labari ne mai daɗin ji, amma masana tarihin kalmomi ba su yarda da shi ba. Abin da aka fi kafa hujja da shi shi ne maganar ta bayyana a rubuce a 1816 cikin wani littafin marubucin Scotland Walter Scott, kuma kafaɗar mutum ake nufi, wadda yake juya maka.

*The silent treatment* ita ce ainihin gaba: shiru da gangan don a hukunta ka, yawanci tsakanin waɗanda ke kwana gida ɗaya ko aiki ɗaki ɗaya. Miji da mata, kishiyoyi, uwa da ɗa. Don haka maimakon *she is keeping malice with me*, ka ce *she is giving me the silent treatment*. Amma lura, wannan maganar ta ɗora laifi a kan mutum ɗaya. Idan gabar ta kowa da kowa ce, ku biyun ba mai yi wa wani magana, sai ka ce *we are not on speaking terms*. Wannan ba ta nuna mai laifi, shi ya sa ta fi dacewa idan kana yi wa wani babba bayani ba ka son a ce ka kai ƙara.

*Stonewall* daban take. Ana magana da mutum, ana tambayarsa, shi kuma ya zama bango. An fi jin ta a kan jami'in da ya ƙi ba kwamitin bincike amsa, ko miji da ya rufe bakinsa a tsakiyar rigima. *Freeze out* kuwa a wurin aiki da kasuwanci ta fi yawa: a hankali a daina kiran ka taro, a daina sa ka cikin saƙonni, har ka gane da kanka ba a yi da kai.

Mataki na 4: Mutum nawa ne suka juya maka baya?

Nan ne kalmomin suka fi nauyi, kuma nan ne ɗalibai suka fi yin ɓarna, domin sukan ɗauko kalmar da aka yi wa gari guda su ɗora wa mutum ɗaya. Idan abokinka kaɗai ne ya daina kula ka, bai yi maka *ostracise* ba. Wannan aikin jama'a ne.

*Ostracise*, wadda Amurkawa ke rubutawa *ostracize*, daga Girka ta zo. A birnin Atina, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, 'yan gari kan taru su kankare sunan wanda suke so ya bar gari a jikin katangar fasasshiyar tukunya, wadda suke kira *ostrakon*. Ana bukatar ƙuri'a 6,000, wanda sunansa ya fi yawa kuma a ba shi kwana 10 ya tattara ya fita, ba zai dawo ba sai bayan shekara 10. Ba a ƙwace dukiyarsa, ba a ma ce ya yi laifi ba, kawai an ga ya fara yi wa gari girma. A yau kalmar na nufin mai da mutum saniyar ware, kuma ta dace da rubutun ilimi, rahoto da takardar ƙorafi.

*Shun* guje wa mutum ne don ana ganin ya yi abin kunya. Kiristocin Amish na Amurka, waɗanda suka ɓalle daga wani coci a Turai a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, sun shahara da wannan: wanda ya karya alƙawarin cocinsu, har cin abinci a teburi ɗaya da shi ake dainawa. Jaridun Najeriya sun ba kalmar wani aiki na daban. Idan ka ga kanun labari na cewa *Governors shun meeting*, ƙin halarta kawai ake nufi. A kanun labari ya wuce, amma idan ka ce wa Bature *I shunned the meeting* alhali mota ce ta lalace maka, zai ɗauka kana da wata a ƙasa da masu taron.

*Send someone to Coventry* ta Ingila ce zalla, Ba'amurke na iya ɗauka tafiya aka tura mutum. Ma'anarta mutane su haɗa baki kowa ya daina yi wa wane magana, yana cikinsu amma kamar ba ya nan. Coventry birni ne a tsakiyar Ingila kusa da Birmingham. Bayanin da aka fi ji shi ne lokacin yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642, ana kai fursunonin da ke goyon bayan sarki can, mutanen garin kuwa 'yan ɓangaren majalisa ne, sai suka ƙi kula su. A ƙarni na 20 an fi jin maganar a masana'antu, inda ma'aikata ke yi wa wanda ya ƙi shiga yajin aiki haka. Idan ina koyar da wannan nakan tuna wa ɗalibai labarin Ka'ab bn Malik da abokansa biyu da suka ƙi fita yaƙin Tabuka, aka hana kowa a Madina yi musu magana har kwana 50, ƙasa ta yi musu ƙunci duk da faɗinta kamar yadda ya zo a Suratut Tauba. Da na faɗi haka ba na ƙara wani bayani, kowa ya gane nauyin abin.

*Boycott* ita ce ƙauracewa, kuma sunan mutum ne. Kyaftin Charles Boycott wakili ne mai karɓar kuɗin haya a gonakin Lord Erne a yankin Mayo na ƙasar Ireland. A 1880 amfanin gona bai yi kyau ba, manoma suka nemi ragi, ya nemi ya tashe su. Kwanaki kaɗan kafin nan, jagoran 'yan kishin ƙasa Charles Stewart Parnell ya yi jawabi a garin Ennis yana ba manoma shawarar su guji duk wanda ya karɓi gonar da aka kori wani daga cikinta, maimakon su taɓa lafiyarsa. Sai aka gwada dabarar a kan Boycott. Ma'aikatansa suka watse, masu kantuna suka ƙi sayar masa da kaya, har wasiƙa aka daina kai masa. Sai da aka kawo 'yan sa-kai kusan 50 daga arewa, sojoji da 'yan sanda na gadinsu, kafin a girbe gonar, kuma kuɗin gadin ya ninka darajar amfanin sau da yawa. Kafin shekarar ta ƙare ya bar ƙasar, sunansa kuma ya zama kalma. Ana ba da labarin cewa wani limamin cocin yankin, John O'Malley, shi ya ba da shawarar a yi amfani da sunan, don *ostracise* ta yi wa talakawa wuyar faɗa. A yau an fi yi wa kaya, kamfani, zaɓe ko wasanni *boycott*, kamar yadda Najeriya da ƙasashen Afirka da dama suka ƙaurace wa gasar Olamfik ta Montreal a 1976.

Biyu sun rage, a taƙaice. *Blackball* hana mutum shiga ƙungiya ne ko sana'a a asirce, daga al'adar kulob-kulob na Ingila inda ake jefa farin ƙwallo a akwati don amincewa, baƙi don ƙi. *Persona non grata* Latin ce ta diflomasiyya: sashe na 9 na Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ya ba ƙasa damar ta ce ba ta son wani jami'in jakadanci ba tare da ta faɗi dalili ba. A hira ana faɗarta da raha, kamar mutum ya ce ya zama haka a gidan surukansa.

Mataki na 5: A waya ne?

Tun da WhatsApp ya kawo shuɗin maki biyu a Nuwamba 2014, shariya ta samu shaida. Wanda ya buɗe saƙonka bai amsa ba, ya yi maka *left on read*. Jimlar ita ce *he left me on read*, kuma *read* ɗin nan ana furta shi "red", don an riga an karanta. Matasan Landan kan ce *he aired me*.

*Ghost* ta fi wannan nisa. Kuna tare lafiya, ana hira, wataƙila ma ana maganar aure, sai mutum ya ɓace ɓat, ba kira, ba saƙo, ba dalili. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da wannan ma'anar a 2017. Daga soyayya ta faro amma ta bazu, yanzu masu neman aiki na cewa kamfani ya yi musu *ghosting* bayan ganawa, kamfanoni ma na faɗar haka a kan ma'aikata. Sharaɗinta shi ne sai da alaƙa tukuna. Wanda bai taɓa saninka ba idan ya ƙi amsa saƙonka, bai yi *ghosting* ba, bai amsa ba ne kawai.

*Phubbing* haɗin *phone* ne da *snubbing*, wato kana yi wa mutum magana kansa na kan waya. An ƙirƙire ta a Ostireliya a 2012 cikin wani kamfe na tallata ƙamus ɗin Macquarie. Ka san ta don karatu, amma ni ban taɓa jin wani ya faɗe ta a hira ba tare da ya yi dariya ba.

Idan alƙawari aka yi maka aka ƙi zuwa, wato an shanya ka, ka ce *he stood me up*. Idan ka je da bukata aka sallame ka da gajeriyar magana, *he brushed me off*. Idan kuma "je ka dawo" ake yi maka da uzurin ƙarya, Turawan Ingila na cewa *they fobbed me off*, maganar da duk wanda ya taɓa bin fayil a ofis zai so ya riƙe. Amurkawa na da *he blew me off*, amma ka bar musu kayansu, don a Ingila tana iya ɗaukar ma'anar da ba za ka so ba.

Mataki na 6: Wa kake gaya wa?

Ka samu ma'anar, saura muhalli. A takardar hukuma, rahoto ko jarrabawa, tsaya kan *ignore, disregard, exclude, rebuff, ostracise*. A hira ta yau da kullum da kowa, babba ko yaro, *the cold shoulder, the silent treatment, brush off* da *snub* ba su da matsala. *Blank, air, ghost* da *left on read* na sa'o'inka ne. Akwai kuma *he wouldn't give me the time of day*, wadda ta yi daidai da "ko kallo ban ishe shi ba", da *turn a deaf ear*, wato kunnen uwar shegu. Kada ka haɗa wannan ta ƙarshe da *turn a blind eye*: ita kau da kai ce daga laifin da ya kamata ka hana, ba share mutum ba.

Mataki na 7: Gina jimlar

Kura-kurai huɗu nake yawan gyarawa da jan biro. Na farko, *ignore, snub, shun* da *blank* ba sa son wata kalma tsakaninsu da wanda aka yi wa: *she ignored me*, ba *ignored at me* ko *ignored about me* ba. Na biyu, harafin ƙarshe na ninkuwa a *snubbed* da *shunned*, *cut* kuma ba ta canzawa ko jiya aka yi, *freeze* ta koma *froze* da *frozen*. Na uku, a kalmomi masu wutsiya irin *brush off, fob off, stand up* da *freeze out*, wakilin suna a tsakiya yake zama: *brushed me off*, ba *brushed off me* ba. Na huɗu, kada ka yar da *the* a *the cold shoulder* da *the silent treatment*, kuma kada ka mai da su jam'i. Kafaɗa ɗaya ake ba mutum ko da mutum goma ne suka ba shi.

Mataki na 8: Duba ko kalmar ma ake bukata

Da muka bi tambayoyin nan da ƙanwata, sai ya fito cewa abin da gangan ne, ya kai wata biyu, mutum ɗaya ce ke yi, kuma ya fara taɓa aiki, don matar ta daina gaya mata bayanan marasa lafiya lokacin miƙa aiki. *The silent treatment* ce kalmar da ta dace da labarin, amma na hana ta sa ta a takardar. Shugabannin ofis a Ingila ba sa son a kawo musu sunan laifi, sun fi son a faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru su sa masa suna da kansu. Abin da muka rubuta shi ne: *Since March she has not responded when I greet her, and on three occasions she left me out of the handover.* Ba zargi, ba zagi, kuma ba yadda za a yi a musa.

Haka za ka yi idan babba ne ya yi shiru da saƙonka. Kada ka ce ya share ka ko da ka tabbata. Rubuta *I am following up on my message of Monday, in case it was missed.* Ka ba shi ƙofar fita, shi ma ya san ka gane.

Wata rana kuma kai za a zarga, don kowa ya taɓa wuce wani a hanya hankalinsa na wani wuri. Idan Baturen Ingila ya ce maka *you blanked me yesterday*, kada ka tsaya rantse-rantse da dogon bayani irin namu. Ka ce *Sorry, I was miles away, I honestly didn't see you*, ka tambaye shi ya gida.